Mai Sayen da Bai San Kaya Ba

A ranar 13 ga Nuwamba 2024 kamfanin Homebase na Birtaniya ya durƙushe, aka miƙa shi ga masu kula da dukiyar kamfanonin da bashi ya ci ƙarfinsu. Kantuna ne kimanin 130, kowanne girmansa kamar katafaren sito, cike da fenti da katako da ƙusa da tayil da kan famfo da tukwanen furanni. Masu kantunan The Range suka ɗauki kusan 70 daga ciki tare da sunan kamfanin, ma'aikata wajen 2,000 kuma suka kwana ba su san makomarsu ba. Wannan ba shi ne karon farko da Homebase ya sha ƙasa ba. A 2016 kamfanin Wesfarmers na Ostareliya ya saye shi kan fam miliyan 340, bayan shekara biyu ya sallamar da shi kan fam 1 tak.

Irin waɗannan kantuna suna da dalilin kafuwarsu. A Turai da Amurka ladan mai aikin hannu yana da tsada ƙwarai, har kuɗin kiran mai gyaran famfo na sa'a guda yakan ninka kuɗin kan famfon. Don haka malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti da direban bas suka koyi shafa wa ɗakinsu fenti da kansu, su haɗa kabad, su shimfiɗa tayil a ranakun hutu. A kan wannan ɗabi'a aka gina B&Q, wanda ya fara a Southampton a 1969, da Home Depot, wanda ya buɗe kantunansa na farko a Atlanta a 1979, da Castorama da Leroy Merlin a Faransa, da Obi da Hornbach a Jamus. Jarinsu na gaskiya shi ne mutumin da ba sana'arsa ba ce, amma ya ɗaura niyyar yi da hannunsa.

Lokacin kullen korona kasuwarsu ta buɗe yadda ba ta taɓa yi ba, don mutane suna zaune a gida suna kallon bangon da ya tsage. Daga nan tsada ta sauko. Katakon da ake cinikinsa a Amurka kan kimanin dala 400 kafin annobar ya haura dala 1,600 a watan Mayun 2021. Hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin 100 a Oktoban 2022. Kuɗin ruwan bashin sayen gida a Amurka, wanda bai kai kashi 3 ba a 2021, ya doshi kashi 8 a ƙarshen 2023, har cinikin gidaje ya yi faɗuwar da rabon a ga irinta tun 1995. Wanda bai sauya gida ba kuwa ba ya sauya kicin. Cinikin Home Depot na shekarar 2023 ya ragu da kashi 3, karo na farko tun 2009. Ribar Kingfisher, uwar B&Q da Castorama, ta sauko daga fam miliyan 949 zuwa 568 cikin shekara biyu.

Masu saye suna da nasu bayanin, kuma gajere ne: kantunan sun cika haɗama, shi ya sa aka guje su. Zargi ne mai nauyi, domin ya tashi daga lissafin kuɗi ya koma hukunci a kan hali. Tambayar da ke ƙarƙashinsa ta girmi kowane kanti. Shin tsadar kaya zalunci ce? In kuwa ba kowace tsada ce zalunci ba, mene ne haƙƙin mai saye a wuyan mai sayarwa?

An taɓa kai wannan ƙara gaban Annabi (SAW) a Madina. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa kaya sun yi tsada, mutane suka roƙi a ƙayyade musu farashi. Bai amsa musu ba. Ya jingina hawa da saukar farashi ga Allah, ya kuma bayyana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai binsa haƙƙin jini ko na dukiya. Wato tilasta wa ɗan kasuwa ya sayar ƙasa da abin da kaya suka tsaya masa shi ma cin haƙƙi ne. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya zauna a kan wannan hadisi a littafinsa na hisba ya raba tsada gida biyu. Akwai wadda ƙarancin kaya ko yawan masu nema ya haifar, wannan babu laifin kowa a ciki. Akwai kuma wadda 'yan kasuwa suka ƙirƙira da hannunsu, ta hanyar ɓoye kaya ko haɗa baki ko mamaye kasuwa su kaɗai, wannan kam hukuma na da ikon tilasta musu farashin da irin kayan ya saba yi.

In aka ɗora tsadar kantunan gyaran gida a wannan ma'auni, adalci zai sa a ce mafi yawanta daga kashi na farko take. Masana'antun tsaga katako sun rage aiki a farkon annoba, kuɗin dakon kaya a jirgin ruwa ya ninninka, yaƙin Yukiren ya tsadar da iskar gas ɗin da ake gasa tayil da gilashi da ita. Manajan kanti a Leeds ko Lyon ba shi ya haddasa ko ɗaya daga ciki ba. Kasuwarsu kuma ba ta 'yan tsiraru ba ce, akwai masu gasa a kowace unguwa da kuma intanet. Mai karatu a Najeriya zai gane bambancin in ya tuna farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000, har ministan ayyuka David Umahi ya zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da magana a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Inda kamfani uku ke riƙe da kasuwa, kashi na biyu na Ibn Taimiyya yana da wurin zama. A kasuwar fenti da guduma ta Turai, da ƙyar.

Ana iya zaton maganin tsada shi ne araha, kuma mai karya farashi shi ne mutumin kirki. Labarin Praktiker ya rushe wannan zato. Shekara da shekaru wannan kamfani na Jamus yana cika talabijin da sanarwar rangwamen kashi 20 cikin 100 a kan komai, ban da abincin dabbobi. Da fari jama'a suka yi ta tururuwa. A hankali suka gane cewa rangwamen zai sake zagayowa nan ba da daɗewa ba, sai suka daina shiga kantin a ranakun da babu shi. Ranar rangwame kanti ya cika amma riba ta yi ƙaranci, sauran ranaku kuma babu kowa. A watan Yulin 2013 Praktiker ya karye, ya ja kamfanin Max Bahr da ke ƙarƙashinsa suka faɗi tare, dubban mutane suka rasa aiki.

Abin da ya kashe Praktiker ya wuce kuskuren lissafi. Kamfanin ya koya wa mutane da bakinsa cewa kuɗin da ke rubuce a jikin kaya ba shi ne kuɗin kaya ba. Duk wanda ya saya ranar Talata a cikakken farashi, ya ga maƙwabcinsa ya saya ranar Asabar da ragin kashi ɗaya cikin biyar, zai ji an ci da guminsa, kuma yana da gaskiya. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya iske Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa ƙasa da farashin mutane, ya umarce shi ko dai ya ɗaga kuɗin ko ya tashi daga kasuwar. Imam Shafi'i ya ƙara da ruwayar cewa daga baya Umar ya koma wurinsa ya janye maganar, ya ce shawara ce don amfanin mutanen gari. Malamai sun yi ta jayayya a kan wannan ƙissa, amma ko a wane ɓangare aka tsaya, ta nuna cewa magabata ba su ɗauki araha a matsayin alheri kai tsaye ba. Sun san akwai arahar da ke korar fatake, ta bar gari babu kaya.

To, in tsada ba lalle laifi ba ce, araha kuma ba lalle lada ba, ina laifin yake?

A 1986 masana uku, Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler, sun yi wa mazauna Toronto da Vancouver wata tambaya ta wayar tarho, kuma misalin da suka zaɓa kantin kayan aiki ne. Kanti yana sayar da shebur ɗin kwashe dusar ƙanƙara kan dala 15, washegarin da ƙanƙara ta rufe gari sai ya mai da shi dala 20. Kashi 82 cikin 100 suka ce wannan rashin adalci ne. Amma da aka tambayi mutane game da ɗan kasuwar da sari ya yi masa tsada ya ƙara daidai abin da aka ƙara masa, mafi yawa suka ce babu komai. Ashe mutane ba ƙarin kuɗi suke ƙi ba, dalilin ƙarin suke dubawa. Malamin Kirista Thomas Aquinas ya riga su da shekara ɗari bakwai: a ganinsa, in mai saye yana cikin matsananciyar buƙata alhali mai kaya ba ya asarar komai, bai halatta a caje shi kuɗin buƙatarsa ba, don buƙatar ba mallakar mai sayarwa ba ce balle ya sayar da ita. A watan Maris na 2020 babbar lauyar jihar Michigan, Dana Nessel, ta aika wa kantunan Menards takardar gargaɗi kan tsawwala kuɗin sinadarin wanki da takunkumin fuska a farkon annoba. Masana tattalin arziki da dama suna da amsa mai ƙarfi, cewa tashin farashi shi ke hana mutum ɗaya kwashe shebur goma, shi ke kuma jawo masu kaya daga garuruwan nesa. Hujja ce ta gaske, bai kamata a raina ta ba. Sai dai tana bayanin amfanin tsada ga gari ne, ba ta wanke zuciyar wanda ya ga maƙwabcinsa a matse ya ga dama.

Wannan na ranar musiba ne. Akwai wani abu da ya fi shi zurfi, wanda yake nan kullum a cikin irin waɗannan kantuna, kuma fiƙihu ya ba shi suna tun da daɗewa. Malamai suna kiran wani nau'in mai saye mustarsil, mutumin da bai san kaya ba, bai san kuɗinsu ba, ya saki jiki da mai shago ya ce a sayar masa yadda ake sayar wa mutane. A mazhabar Malikiyya, maganar da ta shahara ita ce wanda ya yi ciniki da idonsa buɗe aka tsadar masa ba shi da damar mayar da kaya, sai dai ya koyi darasi. Amma in ya bayyana rashin saninsa ya miƙa amana, aka kuma cuce shi, hukuncin ya sauya. Dalili ɗaya ne da hanin tarar fatake a bayan gari kafin su iso kasuwa su ji farashi. Ilimin da ɗaya ke da shi ɗaya ba shi da shi, shi ne wurin da zalunci ke ɓuya.

Imam Gazali ya kawo labarin Yunus ɗan Ubaidu, mai sayar da tufafi, wanda ya tafi salla ya bar ɗan ɗan'uwansa a shago. Wani baƙauye ya zo neman riga ta dirhami 400, yaron ya nuna masa ta 200, ta burge shi, ya biya 400 ya tafi. Yunus ya gamu da shi a hanya ya gane rigarsa. Mutumin ya ce shi ya yarda, a garinsu ma ta fi haka daraja. Yunus bai karɓi wannan yarda ba, ya komo da shi shago ya mayar masa da 200, ya yi wa yaron faɗa. Darasin yana da tsauri: yardar wanda bai sani ba ba ta isa ta halatta komai.

Mai shiga B&Q ko Home Depot ranar Asabar, shi ne wannan mutum. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano mai gini yakan tafi da birkilansa ko kafintansa, a taya, a ce albarka, a zagaya rumfa uku kafin a sallama. A kantin Turai babu tayi. Takardar da ke manne a jikin kanta ita ce maganar farko kuma ta ƙarshe. Wannan tsari ma asalinsa na addini ne, domin mabiya ɗarikar Quaker ta Ingila, tun ƙarni na 17, sun ƙi tayi bisa hujjar cewa faɗin kuɗin da ba shi kake nufi ba ƙarya ce, har aka san shagunansu da cewa ko yaro aka aika za a sayar masa kamar babba. Ke nan farashin da ba a tayawa alkawari ne. Mai kanti ya karɓe wa mai saye makaminsa, ya ce masa ba ka buƙatarsa a nan.

Shi ya sa wasu shari'o'i biyu na jihar Kalifoniya suke da nauyi fiye da kuɗin da aka biya a cikinsu. A Amurka katakon da ake kira biyu-da-huɗu ba inci 2 da inci 4 ba ne, inci 1.5 ne da 3.5, don sunan na ɗanyen katako ne kafin a busar a goge. Kowane kafinta ya san haka, babu wanda ya yaudare shi. A 2014 kotu ta sa kamfanin Lowe's ya biya dala miliyan 1.6 kan yadda yake bayyana awon kayan gini, aka kuma wajabta masa fayyace awo. A 2024 Home Depot ya amince ya biya kusan dala miliyan 2, ba tare da amsa laifi ba, kan zargin cewa kuɗin da na'ura ke caja a bakin ƙofa yakan ɗara wanda ke rubuce a kan kanta. Ɗan kwangila mai sayen kaya kullum zai lura da irin wannan nan take. Wanda ke sayen makulli sau ɗaya a shekara biyar ba zai taɓa lura ba. Alƙur'ani ya keɓe sura guda da sunan masu tauye awo, kuma mutanen Madyana sun yi wa Annabi Shu'aibu gardama cewa me ya haɗa sallarsa da yadda suke juya dukiyarsu. Gardamar ba ta mutu ba, ita ce dai ake maimaitawa duk lokacin da aka ce kasuwa daban, ɗa'a daban.

Haƙƙin wanda bai sani ba bai tsaya ga awo da farashi ba, har da nasiha. Bernie Marcus da Arthur Blank, waɗanda suka kafa Home Depot, sun yi suna da ɗaukar tsofaffin kafintoci da masu gyaran famfo da na lantarki su tsaya a tsakanin kantoci. Mutum zai zo da niyyar sayen sabon famfo, a nuna masa 'yar robar da ta lalace a ciki, ya tafi da abin 'yan kwabbai. A ranar an yi asarar ciniki, amma an sami mutumin har abada. Zamanin da Robert Nardelli ke shugabantar kamfanin, daga 2000 zuwa farkon 2007, aka rage irin waɗannan ma'aikata aka cike gurbinsu da masu aikin wucin gadi don rage kashe kuɗi. Riba ta hau, ƙorafin masu saye ma ya hau, shi kuma ya sauka da sallamar dala miliyan 210. Wesfarmers ya yi makamancin haka a Homebase: yana karɓar kamfanin ya kori manyan shugabanninsa da suka san kasuwar, ya kwashe labule da matasan kai da kayan ƙawata ɗaki da ke kawo mata da yawa kantin, ya jibge injinan aiki irin waɗanda ake so a Ostareliya. Bai tsaya ya tambayi wane ne ke shigowa ta ƙofar ba.

Ba daidai ba ne a ce kowane kantin da ya rufe azaba ce ta sauka a kansa. Akwai 'yan kasuwa masu gaskiya da kuɗin haya da kuɗin ruwa suka kayar, kuma mai karɓar kuɗi a Homebase da ta rasa aikinta ba ita ta tsara farashi ba. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara. Lokacin da aljihu ya yi nauyi, mai saye yana yafe abubuwa da yawa, ba ya duba rasit, ba ya kwatanta farashi. Da tsada ta matse shi sai ya zaro waya a gaban kanta, ya ga ƙusar nan da aka ƙulla guda goma a leda an ninka mata kuɗi in aka gwada da kwalin da magina ke saya. Abin da tsada ta yi shi ne ta mai da wanda bai sani ba ya zama mai bincike, kuma abin da ya gano bai yi masa daɗi ba.

Amsar da manyan kamfanonin suka bayar ita ce juyawa ga masu sana'a. Kingfisher ya fi zuba ƙarfinsa a Screwfix da TradePoint, inda magina da masu lantarki ke sari. A 2024 Home Depot ya sayi SRS Distribution, mai kai wa 'yan kwangila kayan rufi, kan dala biliyan 18.25. A 2025 Lowe's ya bi sahu da sayen Foundation Building Materials kan dala biliyan 8.8. Ta fuskar shari'a babu abin zargi a nan, kowa na da damar zaɓen wanda zai yi ciniki da shi, kuma ɗan kwangila yana sayen kaya ko ana tsada ko ana araha. Sai dai ciniki da masani shi ne mafi sauƙi a kan lamiri, don shi yana tsare kansa, ya san awo, ya san sari, yana da rangwamensa na musamman. Malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti, waɗanda aka gina kantunan da kuɗinsu na tsawon shekara hamsin, su ne suka rage suna biyan cikakken farashin da ke kan kanta, kuma su ne ke ƙara rasa wanda za su tambaya wace ƙusa ce ta dace da bangonsu.